Randar Yola da teburan Abuja

A bayan takardar Naira 20 akwai hoton wata mata tana gyara jikin tukunya. Ladi Kwali ke nan, Bagwariyar da ta rasu a 1984, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1977, aka kuma sa wa titi da babban zauren taro sunanta a Abuja. Da wuya a sami wata sana'ar hannu da gwamnatin tarayya ta karrama haka. Sai dai karramawar a hoto ta tsaya. Takardar da ke ɗauke da fuskar mai gina randa ba ta isa sayen ledar ruwa ɗaya mai sanyi ba a yawancin unguwannin babban birnin yau, su kuma matan da ke riƙe da sana'ar a wurare irin su Yola da Jimeta ba a tuna su sai ranar baje kolin al'adu, a jera musu tukwane a rumfa, babban baƙo ya ɗaga ɗaya a ɗauki hoto, a watse.

Tushen matsalar yana cikin yadda ofisoshi suka raba aiki. An ajiye tukunyar ƙasa a fayil ɗin al'adu, tare da kiɗa da rawa da rigar saƙi. Inda ya dace ta zauna kuwa shi ne fayil ɗin ruwan sha, da lafiyar jama'a, da ƙananan masana'antu. Duk wanda ya yi bazara ɗaya a Yola ya san dalili.

Yola, wadda Modibbo Adama ya kafa a 1841, da ƙanwarta Jimeta da ta girma a bakin Kogin Binuwai a matsayin tashar jiragen ruwa da kasuwa, suna cikin kwari mai riƙe zafi. A Maris da Afrilu zafin rana kan wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, dare ma ba ya kawo sauƙi sosai. A Afrilun 2024, ana tsakiyar wannan zafi, ɓata-gari suka lalata turakun babban layin wutar da ya tashi daga Jos zuwa Gombe, Yola ta shafe makonni tana fama da rashin lantarki. Firji ya zama akwatin ajiyar kwanuka, ƙanƙara ta yi tsada. Gidan da ke da randa a inuwar zaure ko a gindin bishiya, wadda Fulani ke kira loonde, bai rasa ruwa mai sanyi ba ko yini ɗaya.

Babu wani sirri a cikin wannan. Jikin randar da ba a shafa mata gilashi ba cike yake da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani. Ruwa na tsattsafowa ta cikinsu, iska ta kwashe shi, kuma duk ruwan da ya tashi tururi da zafi yake tafiya. A lissafi, ruwan da bai kai rabin lita ba, idan ya bushe daga jikin randa, ya isa ya sauke zafin lita 20 da digiri 10. A zahiri ba a samun hakan cif, domin zafin waje na ci gaba da shiga, kuma da damina, lokacin da iska ke cike da laima, aikin na raguwa. Amma a watannin da ake tsananin buƙata, wato lokacin da iska ke bushe, a nan ne randa ta fi ƙwazo. Bokitin roba da jarka, waɗanda suka kore ta daga gidaje da yawa, ɗumama ruwa suke yi.

Wannan na'ura mace ce ke ƙera ta da hannu. A ƙasar Hausa ta yamma maza magina suna da yawa, amma a kwarin Binuwai da Gongola ginin tukwane galibi aikin mata ne, daga uwa zuwa 'ya, ko daga uwar miji zuwa amarya. Shekarar maginiya tana farawa ne idan ruwa ya janye daga fadama bayan kaka. Ta san ramin da yumɓunsa ke jure wuta da wanda ke tsagewa, ta kuma san irin wanda ya dace da tukunyar miya da wanda ya dace da randa, domin ba ɗaya ba ne. Ta haƙo, ta ɗauko a ka ko a baro, ta shanya, ta daka, ta tsince tsakuwa da saiwoyi, ta jiƙa. Daga nan sai ta haɗa shi da dakakken tsingaro, wato fasassun tsofaffin tukwane, ko da yashi, ta tattake da ƙafa har ya yi laushi ɗaya. Wannan haɗin ne ke hana tukunya fashewa idan aka ɗora ta a kan duwatsun murhu, kuma awon nasa a tafin hannunta yake, babu shi a wata takarda.

Hanyar gini ta bambanta daga wata al'umma zuwa wata. Wasu kan kifa tsohuwar tukunya su lulluɓe gindinta da yumɓu su fitar da ƙasan sabuwa, wasu kan rarake dunƙule su ja shi sama. Daga nan sai a murza yumɓu kamar igiya, ana ɗorawa zagaye bayan zagaye, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje. Idan randa babba ce, tukunyar ba ta juyawa, maginiyar ce ke zagaya ta a sunkuye, har baki ya fito daidai kamar an auna. Da sakaina take kankare jiki, da jiƙaƙƙen tsumma take gyara baki, da murɗaɗɗiyar igiya ko totuwar masara take mirgina ado a kafaɗa. Adon ma aiki yake yi: jiƙaƙƙen tulu mai santsi suɓucewa yake daga hannu, mai zane kuwa yana riƙuwa. A shafa jar ƙasa, a goge da dutse mai sulɓi ko 'ya'yan kuka, a bar su su bushe a inuwa, a hankali, domin iskar hunturu na tsaga wanda aka gaggauta.

Ranar toyi ita ce ranar fargaba. Ana jera aikin makonni a fili, a rufe da itace da karan dawa da busasshiyar ciyawa da kashin shanu, a cinna wuta. Cikin ɗan lokaci komai ya ƙare. Iska ɗaya da ta juya ba zato, ko tukunya ɗaya da ba ta gama bushewa ba ta fashe ta taɓa maƙwabtanta, sai guzurin wata ya tafi. Abin da ya tsira kuma sai ya tsallake hanya: ramuka, da kwandastan da ke jifa da kaya, da kuɗin mota da ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023. A bakin kasuwa mai saye zai ƙwanƙwasa tukunyar da yatsa ya saurari amonta, sa'annan ya taya ta kamar wadda aka tsinta. Dillaliya ce ke cin riba mafi tsoka, domin ita ke da wurin ajiya da haƙurin jira. Ba abin mamaki ba ne idan 'yar maginiya ta zaɓi tallar ruwan leda. A wasu al'ummomin tsaunukan Mandara, a arewacin jihar, akwai ƙarin nauyi: ginin tukwane aikin matan gidan maƙera ne, kuma tsohuwar al'ada ta ware waɗannan gidaje wajen aure da cin abinci. Sana'ar da ba ta kawo kuɗi, ba ta kuma kawo daraja, da wuya ta sami magaji.

Tarihin Ladi Kwali kansa yana da darasin da masu tsara manufofi ba su cika kula da shi ba. A farkon shekarun 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki wani Baturen Ingila, Michael Cardew, ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja. A fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya fara ganin randunan Ladi, kuma ta shiga cibiyar a 1954. A can aka riƙa toya aikinta a tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,200, aka shafa masa gilashi, aka kai shi Landan aka baje. Randunan suka yi kyau, suka yi suna, suka yi tsada. Suka kuma daina sanyaya ruwa, domin gilashi da zafin wuta sun toshe ƙofofin jikinsu, nauyinsu ya ƙaru, babu macen da za ta ɗora su a gammo. Cardew da kansa ya yarda cewa tukunyar gargajiya mai ƙaramar wuta ta fi dacewa da murhun itace da ajiyar ruwa. Abin da cibiyar ta samar kayan tebur ne na masu hali da na Turawa. Wannan ba laifi ba ne, Ladi ta cancanci duk abin da ta samu. Amma Nijeriya ta ɗauki randar da ba ta aiki ta mai da ita alamar sana'ar, ta bar mai aikin a bakin hanya.

Haka ma ƙasashen waje suka san yumɓun Adamawa ta fuskar kallo. A 2011 gidan tarihi na Fowler da ke Los Anjalas ya buɗe babban baje koli kan fasahar kwarin Binuwai, wanda daga baya ya je Washinton da Paris. Tukwanen Ga'anda da Yungur da Longuda, masu siffar mutane, waɗanda suka shafi addinin gargajiya da warkarwa, suna cikin abubuwan da suka fi jan ido. Ƙasar da ta fitar da waɗannan ita ce dai ke fitar da tukunyar tuwo da tandar masa da kaskon turare da asusun yara, waɗanda ba su taɓa hawa jirgin sama ba.

Akwai hujja mai ƙarfi a hannun masu sukar randa, kuma jami'an lafiya sun fi kowa sanin ta. Bakinta a buɗe yake. Moɗa ɗaya ce ke shiga da fita yini guda, a hannun babba da yaro, mai lafiya da mai gudawa. Ruwan da ya fito tsaf daga rijiyar burtsatse yana iya gurɓacewa a cikin gida. A jihar da ta ga ɓarkewar kwalara a Mubi a 2018, kuma ambaliya ke cika rijiyoyinta da ƙazanta duk shekarar da Binuwai ya yi toroƙo, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Shi ya sa hukumomin agaji ke raba jarkoki da bokitai masu murfi. Sai dai abin da kan biyo baya sananne ne: a ɗebo ruwa a jarka, a kawo gida, a juye a randa, saboda babu mai son shan ruwan ɗumi a Afrilu. Manufar da ta yi faɗa da ƙishirwa ba ta taɓa cin nasara ba.

Gyaran a hannun maginiya yake. A yammacin Kenya, a farkon shekarun 2000, ma'aikatan lafiya sun zauna da mata magina suka sauya fasalin randa: aka tsuke baki yadda hannu ba zai shiga ba, aka yi mata murfi, aka dasa famfo a ƙasa. Ruwa ya ci gaba da sanyi, moɗa ta daina nutso. A Gwatamala, tun 1981, wani masani mai suna Fernando Mazariegos ya ƙirƙiro matatar ruwa ta yumɓu. Ana cakuɗa yumɓu da garin katako ko ɓuntun shinkafa, a toya, ɓuntun ya ƙone ya bar ƙofofi ƙanana da ruwa ke bi a hankali, lita ɗaya zuwa uku a awa, mafi yawan ƙwayoyin cuta masu sa gudawa su maƙale. Ana yin ta yanzu a ƙasashe da dama, daga Kambodiya zuwa Gana. Ba ta tare kowace irin cuta, kuma tana buƙatar tanderu mai daidaitaccen zafi da gwajin kowace guda kafin a sayar. Yumɓu da ɓuntun shinkafa kuwa, duk wanda ya bi gefen tafkin Geriyo ko fadamun Fufore ya san Adamawa ba ta rasa su ba.

Ba sai an tsallaka teku ba ma. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Dutse wanda ya tashi a gidan magina, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. A gwajinsa, yalon da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27. Kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo a 2000, dabarar ta bazu har Sudan. Mai tumatir da alayyafo a kasuwar Jimeta, wanda rana ke cinye masa jari kafin La'asar, da wuya ya taɓa ganin irinta a hannun wani jami'in gona.

Abu na farko da Abuja ke da hannu a kai shi ne ramin yumɓu. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, tsarin mulki da dokar ma'adinai ta 2007 kuma suka damƙa abin da ke cikin ƙasa a hannun tarayya. Maginiyar da kakanninta suka haƙi wuri ɗaya tun kafin a zana taswirar Jimeta ba ta da takarda daga ko ɗaya. Gari na faɗaɗa, fadama na zama fuloti ko gonar rani, masu buga jan bulo da tifofin yashi na cin gefe. Ranar da aka kafa dutsen shaida a bakin ramin, sana'ar unguwa guda ta mutu ba tare da kowa ya rubuta rahoto ba. Ma'aikatar ma'adinai tana da sashen masu haƙa na gargajiya, tana kuma ƙarfafa su su kafa ƙungiyoyin gama-kai, amma hankalinta na kan zinariya da makamantanta. Babu abin da zai hana a ƙidaya ramukan yumɓun da ke kewayen Yola, Girei da Fufore, tare da gwamnatin jiha da masarautar Adamawa, a keɓe su kamar yadda ake keɓe burtali da maƙabarta da filin Idi. Aikin 'yan watanni ne, kuɗinsa bai kai na taron bita guda a otel ba.

Abin da ya kamata a guje wa kuma sananne ne ga duk mataimakin ɗan majalisar da ya taɓa rubuta aikin mazaɓa. Da an ce tallafi, sai a tuna inji. Za a sayo injin juya yumɓu da tanderun lantarki, a raba wa mata a gaban kyamara, a garin da lantarkin ne ma ya gaza har aka koma ga randa. Injin juyi ba ya son yumɓu mai tsingaro, yana yanka hannu, kuma ba a gina randa mai cin jarka uku a kansa. Bayan wata shida sai a tarar da shi a bayan ɗaki kaji na kwana a kai. Abin da maginiya ke buƙata ya fi wannan araha: rumfar shanya da ajiya domin ta yi aiki har cikin damina, tanderun bulo mai riƙe zafi wanda zai rage itace da asarar fashewa, ƙananan famfuna masu inganci a farashin sari, da amalanke ko babur mai ƙafa uku na ƙungiya. Tanderun ne kaɗai amsar da ke akwai ga masu kukan sare itatuwa, kuma kukansu gaskiya ne.

Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei, wadda tarayya ce ke ɗaukar nauyinta, tana da sashen da ake koyar da fasahar yumɓu. Tsakaninta da matan da ke wannan aiki tafiyar mintuna ce a mota. Sashen na iya auna yumɓun kowane rami, ya gwada matatun ruwa, ya tsara tanderun da ya dace da karan dawa da ɓuntu. Majalisar binciken albarkatun masana'antu, RMRDC, don irin wannan aka kafa ta. Sharaɗin kawai shi ne ɗalibi ya je wurin maginiya da littafin rubutu a matsayin mai koyo, ya gaishe ta da Inna ko Dada kamar yadda ya dace, domin a kan yumɓun fadamar nan ita ce farfesa. Hukumar NBTE ma tana da tsarin ba da shaidar ƙwarewa ga wanda ya koyi sana'a ba a aji ba. Takarda irin wannan ce ke buɗe ƙofar rance da kwangila, ita ce kuma za ta sa budurwa ta ga cewa aikin uwarta sana'a ce da gwamnati ta san da ita.

Saura kasuwa. Tun 2017 akwai umarnin shugaban ƙasa da ya wajabta wa ma'aikatu fifita kayan gida wajen saye, kuma a 2025 majalisar zartarwa ta sake jaddada manufar da sabon suna. Idan ana maganar kayan gida, tunani kan tafi ga motoci da yadi. Amma Hukumar Raya Arewa Maso Gabas, da hukumar agajin gaggawa, da hukumar kula da lafiya a matakin farko, duk suna sayen mazuban ruwa domin makarantu da asibitocin karkara da sansanonin 'yan gudun hijira. Layi ɗaya a takardar kwangila, wanda ya ce wani kaso na mazuban ruwan sha a Adamawa ya kasance randa mai murfi da famfo, ginin cikin jihar, ya isa ya ba ƙungiyoyin mata oda tabbatacciya ta shekara. Za a ce tana fashewa. Tana fashewa, kuma a ƙauyen da ke kusa ake gina wata, kuɗin ya tsaya a nan. Jarkar da rana ta cinye kuwa a magudanar ruwan Jimeta take ƙarewa.

Sai dai odar tana da lokaci. Maginiya na aiki ne daga Nuwamba zuwa Afrilu, tsakanin janyewar ruwa da faɗuwar sabon. Kuɗin ayyuka a ma'aikatu kuwa sau da yawa sai tsakiyar shekara ko bayanta suke fitowa, lokacin da ramin yumɓu ke ƙarƙashin ruwa, ciyawar toyi kuma ɗanya ce. Jami'in da ke son randa dubu a makarantun Yola kafin zafin Maris, dole takardarsa ta bar tebur tun Oktoba, da kuɗin kafin alƙalami a haɗe, domin babu maginiyar da ke da jarin da za ta jira biya na wata tara.